Kateta mai balan-balan: yadda ake ciro gudan jini daga jijiya da kai magani daidai inda ya toshe

Idan gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa ko hannu, naman wurin yakan fara mutuwa cikin awa 6. Ɗaya daga cikin kayan aikin da likitoci ke ceto irin wannan ƙafa da su ita ce kateta mai balan-balan. Aikin da ake yi da ita ba mai tsawo ba ne, sau da yawa ma ba sai an sa majinyaci barci ba. Amma amfaninta ya dogara ne a kan isa asibiti da wuri. A nan za ka ga yadda take aiki, da alamomin da ya kamata su tashe ka tsaye, da abin da ya dace ka yi idan kana zaune a Dakko ko wani gari a ƙananan hukumomin Bakura, Talata Mafara da Maradun.

Mece ce kateta mai balan-balan?

Siririyar roba ce mai lanƙwasuwa, mai rami a cikinta. Wadda aka fi amfani da ita a ƙafa tsawonta santimita 80 ne, kaurinta kuwa milimita 1 ko ɗan fiye da haka, wato ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. A ƙarshenta akwai ɗan ƙaramin balan-balan da ke manne da jikinta. A ɗaya ƙarshen kuma akwai wurin ɗaura sirinji. Idan likita ya tura ruwan gishiri ta sirinjin sai balan-balan ɗin ya kumbura, idan ya zuƙe ruwan sai ya sace. Ruwan da ake hura shi da shi bai kai rubu'in ƙaramin cokalin shayi ba.

Idan ka taɓa ganin robar fitsari da ake sa wa majinyaci, to tsarinsu ɗaya ne, domin ita ma tana da balan-balan da ke riƙe ta a cikin mafitsara. Sai dai ta jijiya ta fi siriri da laushi ƙwarai.

Wani likita ɗan Amurka mai suna Thomas Fogarty ne ya ƙirƙiro ta tun yana matashi, lokacin da yake aiki a ɗakin tiyata na wani asibiti a birnin Sinsinati. Ya yanke kan ɗan yatsan safar hannu ta roba, ya ɗaure shi a bakin kateta da irin ɗaurin da ya koya wajen kamun kifi. An fara gwada ta a kan majinyaci a 1961, aka wallafa sakamakon a 1963. Kafin wannan lokaci sai an tsaga jijiya mai tsawo kafin a kai ga gudan jini, kuma da yawa daga majinyatan sukan rasa ƙafa ko rai. Har yau likitoci na kiran wannan kateta da sunan Fogarty, saboda haka kana iya jin sunan a bakinsu.

Daga ina gudan jinin yake fitowa?

Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗauko jini daga zuciya su rarraba shi a jiki, su ne ake jin suna bugawa a wuyan hannu. Akwai kuma masu mayar da jini zuwa zuciya, su ne ake gani shuɗi-shuɗi a bayan hannu. Toshewar da ke kashe ƙafa cikin awoyi kaɗan ita ce ta masu ɗauko jini.

Toshewar na faruwa ta hanya biyu. Ko dai gudan jinin ya haɗu a cikin zuciya, ya ɓalle, jini ya kwashe shi har ya maƙale a inda jijiya ta rabu biyu, kamar a matsematsi ko bayan gwiwa. Ko kuma ya daskare a cikin jijiyar ƙafar kanta, a wurin da dama ya riga ya tsuke saboda kitse da ya taru a bangonta. Katetar Fogarty ta fi yin tasiri a kan na farkon, domin jijiyar lafiyarta ƙalau, toshe ta kawai aka yi.

Mutanen da suka fi shiga haɗari su ne:

- Masu rikicewar bugun zuciya, waɗanda zuciyarsu ke bugawa ba bisa tsari ba.
- Masu lalacewar ƙofofin zuciya, wadda takan samo asali daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi masa maganin da ya dace ba. Wannan yana kama matasa, ba tsofaffi kaɗai ba.
- Mata masu ciwon zuciyar jego.
- Wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ko wanda zuciyarsa ta kumbura saboda hawan jini na shekaru.
- Masu ciwon suga, da masu shan taba, da tsofaffin da sha-raɓarsu ke ciwo idan sun yi tafiya, ya lafa idan sun tsaya.
- Wanda ya ji rauni a jijiya, ta hanyar harbi, sara, karaya ko gocewar gwiwa a haɗarin babur.

Ciwon zuciyar jego ya cancanci ƙarin bayani, domin arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitoci a Zariya sun fara rubutu a kansa tun shekarun 1970. Wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Sakkwato, aka wallafa a 2007, ya sami kusan mace 1 a kowace haihuwa 100 da aka yi a asibitin. Zuciyar mai jego takan yi rauni a ƙarshen goyon ciki ko watannin farko bayan haihuwa, ta kasa tura jini da ƙarfi. Jinin da ke kwance a cikinta sai ya daskare. Idan kina jego kina fama da haki, kumburin ƙafafu da tari idan kin kwanta, ki je a duba zuciyarki. Idan kuma ƙafa ɗaya ta yi sanyi da ciwo farat ɗaya, wannan na gaggawa ne.

Alamomin toshewar jijiya

Abin yakan zo ba zato, har mutum na iya faɗa maka daidai lokacin da ya fara. Alamomi shida ne likitoci ke nema:

1. Ciwo mai tsanani a ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya, wanda ba ya lafawa ko an huta.
2. Sanyi. Ka taɓa ƙafafun biyu da bayan hannunka, za ka ji ɗaya ta fi ɗaya sanyi sosai.
3. Canjin launi. A baƙar fata ba a saurin ganinsa, don haka ka duba tafin ƙafa da ƙarƙashin farata. Za su yi fari ko toka-toka. Danna farce ka saki: idan jan bai dawo ba cikin daƙiƙa 2 zuwa 3, jini ba ya isa.
4. Ɓacewar bugun jijiya a bayan ƙafa ko kusa da idon sawu.
5. Sagewa, ko jin kamar tururuwa na yawo, daga baya mutum ya daina jin taɓi.
6. Kasa motsa yatsu ko ɗaga ƙafa.

Biyun ƙarshe su ne mafi muni, domin suna nuna cewa ƙafar ta fara mutuwa. Kada ka jira sai alamomin sun cika shida. Ciwo da sanyi a ƙafa ɗaya sun isa dalilin tafiya asibiti.

Akwai wani abu da ke ruɗar iyalai. Bayan wasu awoyi ciwon yakan ragu, sai a ɗauka sauƙi ya samu. Gaskiyar ita ce jijiyoyin da ke isar da jin zafi ne suka daina aiki. Ƙafar da ta daina ciwo alhali tana nan da sanyinta ba ta motsi, ta fi mai ciwo shiga haɗari.

Me ya sa ake cewa awa 6?

Sassan ƙafa ba su jure rashin jini daidai wa daida. Jijiyoyin ji da motsi ne ke fara lalacewa, cikin awa 4 zuwa 6. Tsoka na biye da su, cikin awa 6 zuwa 8. Fata ta fi su juriya, shi ya sa ƙafa kan yi kamar lafiya lau a ido alhali cikinta ya lalace. Wanda jijiyarsa ta daɗe tana tsukewa a hankali yakan sami ƙarin lokaci, saboda jikinsa ya riga ya buɗe ƙananan hanyoyin jini a gefe. Amma likita ne kaɗai zai iya tantance wannan. Ko da awa 6 sun wuce, a tafi asibiti, domin ana ceto ƙafafu da yawa bayan haka.

Abin da za ku yi kafin a isa asibiti

Garin Talata Mafara yana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kusan a tsakiya, kimanin kilomita 100 ta kowane ɓangare. Mai fitowa daga Dakko ko ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Bakolori sai ya ƙara da lokacin fitowa bakin titi da neman mota. Ka ga kenan rabin awa shidan na iya tafiya a hanya kaɗai. Ga kuma halin tsaro da ke hana tafiyar dare a wurare da yawa. Saboda haka idan abin ya fara da rana, kada a ce bari a ga yadda zai kwana.

- A kama hanyar babban asibiti mafi kusa, na Bakura, Talata Mafara ko Maradun. A can za a duba majinyaci, a ba shi maganin ciwo da ƙarin ruwa, a fara masa allurar hana daskarewar jini idan ya dace, a rubuta takardar tura shi gaba.
- Ku roƙi likitan ya buga waya asibitin da zai tura ku, a tabbatar akwai mai yin aikin da kayan aikin a ranar. Wannan kiran na iya hana ku zuwa Gusau a sake juyo da ku Sakkwato.
- Ku riƙe lokacin da ciwon ya fara. Idan ba agogo, ku ce bayan azahar ne ko kafin la'asar.
- Kada majinyaci ya ci ko ya sha komai, domin mai yiwuwa a shiga da shi tiyata.
- A bar ƙafar a miƙe ko ta ɗan yi ƙasa da jiki. Kada a ɗaga ta a kan matashi. A lulluɓe ta da zane sakwa-sakwa.
- A tafi da duk magungunan da yake sha da katin asibitinsa.
- Wanda zai sa hannu a takardar amincewa, miji ne ko uba ko babban ɗa, ya bi motar. A tafi da 'yan uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini.

Abubuwan da za a guje wa:

- Gashi da ruwan zafi, ko kanga ƙafar a wuta. Zafi na ƙara wa naman buƙatar jinin da ba ya samu, kuma ƙafar da ta sage takan ƙone mai ita bai sani ba.
- Tausa da murza.
- Ƙaho da tsaga. Gudan jinin yana can cikin jijiya, inda ƙaho ba ya kaiwa. Raunin tsagar kuma zai yi ta zubar da jini idan aka fara allurar hana daskarewa.
- Ɗaure ƙafar tamau. Idan mai ɗori ya ɗaure karaya, sai yatsu suka yi sanyi, suka sage ko suka canja launi, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti.

Manomin rani da ya wuni cikin ruwa da hunturu yana iya cewa sanyi ne ya kama shi. Sanyin ruwa ƙafa biyu yake kamawa, kuma yana sakin mutum idan ya fito ya ji ɗumi. Wasu kuma idan ƙafa ta mutu farat ɗaya sukan ce iska ce ko an taka wani abu. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a riƙa yin ta a cikin mota.

Abin da za a yi a asibiti

Likita zai taɓa bugun jijiyoyi a matsematsi, bayan gwiwa da ƙafa, ya gwada ji da motsi, ya saurari gudun jini da wata 'yar na'ura mai suna Dofla. Za a auna bugun zuciya da na'ura, a ɗebi jini don duba ƙoda da yawan jini. Idan akwai lokaci za a yi sikanin jijiya ko hoton da ake zuba ruwan rini a jini don a ga inda ya tsaya. Za a fara allurar hefarin. Hefarin ba ya narkar da gudan da ya riga ya haɗu, hana shi ƙaruwa yake yi.

Daga nan sai a sa ƙafar a ɗaya daga matakai uku. Idan ji da motsi suna nan, akwai lokacin yin hoto da zaɓar hanya. Idan ji ya fara ɗaukewa ko motsi ya yi rauni, tiyata ce nan take. Idan tsoka ta sandare, fata ta yi dabbare-dabbare da ba ya gogewa, ƙafar ta riga ta mutu.

Manyan asibitocin da ake tura majinyatan wannan yanki su ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Gaba da su akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A asibitocin koyarwa aka fi samun likitocin tiyatar zuciya da jijiyoyin jini.

Yadda ake ciro gudan jinin

Ana iya yin aikin da allurar kashe zafi a wurin kaɗai, ko da allurar barci, gwargwadon ƙarfin zuciyar majinyaci. Likita zai yi yanka kamar tsawon yatsa a matsematsi, ko a gwiwar hannu idan hannu ne ya toshe. Zai fito da jijiyar, ya tare jini ta sama da ƙasa, ya yi mata ɗan tsagi.

Sai ya zura katetar da balan-balan ɗinta a sace, ta ratsa gudan jinin ta wuce shi. A nan zai hura balan-balan ɗin a hankali har ya ji ya taɓa bangon jijiya, sannan ya jawo katetar baya. Balan-balan ɗin sai ya turo gudan jinin a gabansa har ya fito ta tsagin, wani lokaci dogo kamar tana. Za a maimaita ta sama da ta ƙasa har sai katetar ta fito ba komai, jini kuma ya ɓulɓulo da ƙarfi. Daga nan a wanke jijiyar da ruwan hefarin, a ɗinke ta, a rufe fata. Idan ba wata matsala, aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 2.

Idan aka tarar jijiyar ta tsuke tun asali, ciro gudan kaɗai ba zai wadatar ba. Sai an buɗa wurin, ko a yi wa jini wata hanya ta zagaye da jijiyar da aka ciro daga ƙafar majinyacin ko ta roba.

Kai magani daidai inda ya toshe

Maganin narkar da gudan jini yana da ƙarfi, kuma idan aka zuba shi da yawa a ƙarin ruwa yana iya jawo zubar jini a ko'ina. Kateta na ba da damar kai shi cikin gudan kansa, a hankali, kaɗan-kaɗan. Hanyoyin uku ne, kuma ya kamata ka bambanta su.

Ta farko ita ce ɗiga magani a cikin gudan. Ba a yanka, huda jijiya ake yi da allura a matsematsi, a zura kateta mai ƙananan huduji a gefenta, ana kallonta a na'urar hoto har ta shiga cikin gudan. Sai a bar ta tana ɗiga magani irin su altefiles ko yurokines na tsawon awa 12 zuwa 48, majinyaci na kwance a miƙe ana sa masa ido, ana sake hoto lokaci-lokaci. Wannan hanya ta fi dacewa da gudan da bai wuce kwana 14 ba, da ƙafar da har yanzu take ji take motsi, domin tana cin lokaci. Tana kuma isa ƙananan rassan jijiya da katetar Fogarty ba ta shiga. Wani lokaci a ɗakin tiyata ma, bayan an ciro babban gudan, likita kan zuba ɗan maganin a jijiyar don ya narkar da ragowar.

Ta biyu ita ce balan-balan da ke tsare magani a wurin. Wasu katetocin suna da balan-balan mai ƙananan huduji da magani ke tsatsafowa ta ciki. Wasu kuma balan-balan ɗinsu na tare jini na ɗan lokaci don kada ya kwashe maganin.

Ta uku ita ce balan-balan mai shafen magani. Wannan ba ta narkar da gudan jini. Aikinta ya shafi jijiyar da ta tsuke. Buɗa jijiya ta hanyar zura kateta ya fara ne a 1964 a hannun Charles Dotter a Amurka, sannan a 1977 Andreas Gruentzig ya buɗa jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. Matsalar da aka ci karo da ita ita ce wurin kan sake tsukewa bayan watanni, saboda tabo da ke tsirowa a ciki. Sai aka shafa wa balan-balan maganin da ke rage tsiron tabon, galibi faklitaksel, wanda asalinsa maganin cutar daji ne. Ana hura shi a jijiyar ƙafa na minti 2 zuwa 3, maganin ya shiga bangonta, a sace shi a cire, ba a bar komai a ciki ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don jijiyar cinya a 2014. A 2018 wani nazari ya tayar da fargabar cewa yana iya ƙara mace-mace bayan shekaru, amma a 2023 hukumar ta bayyana cewa ƙarin bayanan da aka tattara ba su tabbatar da hakan ba.

Duk hanyoyin nan uku suna buƙatar ɗaki na musamman mai na'urar hoton jijiya, kuma kayansu na da tsada. Ba kowane babban asibiti ke da su ba. Katetar Fogarty kuwa ɗakin tiyata na yau da kullum ya ishe ta. Idan ita aka yi maka aiki da ita, ba a rage ka da komai ba, domin a ƙafar da ta fara sagewa ita ce ta fi sauri.

Haɗurran da ke tattare da aikin

- Balan-balan na iya ƙwarzane bangon jijiya ko ya huda ta.
- Ɓarɓashin gudan na iya gangarawa ya toshe ƙananan jijiyoyin yatsu.
- Jijiyar na iya sake toshewa, musamman a kwanakin farko.
- Zubar jini ko ƙwayoyin cuta a wurin yanka.
- Kumburin tsoka bayan jini ya dawo. Tsokar sha-raɓa tana cikin wata jaka mai tauri da ba ta buɗewa, idan ta kumbura sai ta sake matse jijiyoyi. Shi ya sa likita kan tsaga ƙafar ta gefe biyu ya bar ta a buɗe na kwanaki. Ganin wannan yanka kan tayar wa iyali hankali, amma ceton ƙafar ake yi da shi.
- Dafin mataccen nama na iya shiga jini ya taɓa ƙoda da zuciya. Alamarsa fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi.
- Maganin narkarwa na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, ga mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Saboda haka ana guje masa ga wanda bai daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki ba, ko aka yi masa babbar tiyata, ko matar da ba ta daɗe da haihuwa ba, ko mai gyambon ciki da ke zubar da jini. Ka faɗa wa likita idan ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ka.

Ko a ƙasashen da ke da wadatar kayan aiki, tsakanin mutum 10 zuwa 30 cikin 100 da ke samun wannan toshewa sukan rasa ƙafar cikin wata guda. Jinkiri na cikin manyan dalilan.

Idan likita ya ce sai an yanke

Wannan magana ce mai nauyi, kuma iyalai da yawa kan ɗauke majinyacinsu su koma gida idan sun ji ta. Ku sani cewa mataccen nama ba ya farfaɗowa. Mayar masa da jini zai kwaso dafi ne zuwa zuciya da ƙoda, barinsa kuma zai ruɓe, ruɓar ta yi ta hawa sama. A wannan mataki yanke ƙafar ceton rai ne. Kuna da haƙƙin neman a yi muku cikakken bayani, ko wani likitan ya sake dubawa, amma a yi hakan a ranar. Yankan da aka yi da wuri a ƙasan gwiwa ya fi sauƙin tafiya da ƙafar roba a kan wanda aka yi a cinya.

Wasu wuraren da ake amfani da kateta

Idan ƙafa ta kumbura, ta yi ɗumi da nauyi, mai yiwuwa jijiyar da ke mayar da jini ce ta toshe. Yawancin masu wannan maganin hana daskarewar jini na aƙalla wata 3 ya ishe su. Kateta sai ga 'yan kaɗan da gudan ya kai matsematsi, ƙafar ta kumbura matuƙa. Haɗarinsa shi ne gudan ya ɓalle zuwa huhu, don haka haki ko ciwon ƙirji na farat ɗaya na gaggawa ne.

A shanyewar ɓarin jiki ma ana ciro gudan jini daga jijiyar ƙwaƙwalwa, amma da wasu katetoci dabam, bayan an yi hoton kai an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Masu wankin ƙoda kuma, idan jijiyar hannu da aka haɗa musu ta daina kaɗawa, su sanar da cibiyarsu a ranar, domin ana iya buɗe ta da balan-balan.

Bayan an sallame ka

Kateta gudan da ya toshe kawai take cirewa. Abin da ya haifar da shi yana nan, kuma idan ba a magance shi ba wani gudan zai biyo baya, wataƙila wannan karon zuwa ƙwaƙwalwa. Ka tabbata an yi maka sikanin zuciya, an gaya maka asalin matsalar.

- Ka sha maganin hana daskarewar jini kullum, kada ka daina don ka ji sauƙi.
- Idan wafarin ne, sai da gwajin jini na INR a kai a kai. Ga yawancin mutane ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Kafin ka bar asibiti ka tambayi wuri mafi kusa da gida da za a riƙa yi maka shi.
- Ganyaye irin su zogale da alayyafo suna rage ƙarfin wafarin. Ba a hana ka ci ba, amma kada ka ƙara ko ka rage su da yawa lokaci guda.
- Kada ka sayi maganin ciwon jiki irin su dikulofenak, ibufurofen ko asfirin a kemis ba da iznin likita ba. Haka ma jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙe.
- Ka sanar da wanzami, mai cire haƙori da duk ma'aikacin lafiya cewa kana shan wannan magani. A bar ƙaho da tsaga.
- Wafarin na iya cutar da ɗan tayi, amma mai shayarwa na iya shansa. Idan kina son ɗaukar ciki ko kin ga ɓatan wata, ki ga likita da wuri. Wadda ta yi ciwon zuciyar jego kada ta sake ɗaukar ciki sai an duba zuciyarta.
- Idan azumi ya zo, ka tambayi likita lokacin da za ka mayar da shan maganin.
- Ka bar taba gaba ɗaya, ka kula da hawan jini da suga, ka riƙa tattaki, ka duba ƙafafunka kullum.

Ka koma asibiti nan take idan ƙafar ta sake yin sanyi ko ciwo, ko wurin yanka ya kumbura ko yana fitar da ruwa, ko ka ga jini a fitsari, baƙin bayan gida, haɓo da ya ƙi tsayawa, ciwon kai mai tsanani, karkacewar baki ko sarƙewar magana.

Tambayoyin da za ka yi wa likita

- A wane mataki ƙafar take, kuma awa nawa muke da su?
- Za a iya yin aikin a nan, ko tura mu za a yi? An sanar da su can?
- Tiyata ce ta fi dacewa ko maganin narkarwa, kuma don me?
- Nawa za mu tanada, kuma jini leda nawa ake buƙata?
- Daga ina gudan ya fito, kuma har yaushe za a sha magani?

Idan a gidanku akwai mai ciwon zuciya, mai jego da ke haki, ko tsoho mai ciwon suga, ku zauna tun yanzu ku tsara wanda zai kawo mota, da asibitin da za a nufa, da wanda zai sa hannu. Wannan bayani ba ya maye gurbin ganin likita. Duk ƙafa ko hannun da ya yi sanyi da ciwo farat ɗaya, a kai shi asibiti a wannan sa'ar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.